Baƙon Kumasi da Salsalar Gidanmu

A ƙarshen watan Nuwamba na 1991, ranar da aka hana kowa fita saboda ƙidayar jama'a, garin Talata Mafara ya yi tsit. Ba a yi yanka a mahauta ba, babu mota a tasha, mu kuma 'yan makaranta aka ce mu zauna gida. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji biyar. Da hantsi masu ƙidaya biyu suka yi sallama a zaurenmu, kakanmu Alhaji Sani ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka riƙa fito da mu ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa ana shafa mana tawada a babban yatsa. Da aka zo kan wani dogon mutum siriri da ke zaune a gefen dakali da jakar fata a kan cinyarsa, mai rubutun ya tambayi Alhaji yadda suke da shi. Mutumin ya buɗe baki zai amsa, Alhaji ya riga shi. "Baƙo ne," in ji shi. "Rubuta baƙo." Mutumin ya miƙa yatsansa aka shafa masa tawada.

Sunansa Malam Shu'aibu, kuma a lokacin ya kwana tara a zaurenmu. Ran kasuwa ya iso, yana bin rumfunan mahauta yana tambayar gidan zuriyar Mamman Mahauci, har aka rako shi gidanmu, domin Mamman shi ne mahaifin Alhaji. Hausarsa tana da wani lanƙwasa da ba mu saba ji ba, mu yara har kwaikwayonsa muke yi a bayan rumbu. Ya ce daga Kumasi yake, a can aka haife shi, mahaifinsa Garba ya rasu bara, kuma ya bar masa wasiyya ya nemi danginsa. A faɗarsa Garban nan ɗan Mamman ne, wato wan Alhaji ke nan. An ce da Alhaji ya ji haka sai ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Gidanmu gidan fawa ne. Da an fito sallar asuba babana da ƙanensa Baffa Iro za su ɗauki wuƙaƙensu su nufi mahauta. Mu 'yan mata aikinmu wankin kayan ciki a bakin rijiya, da shanya kilishi a kan asabari, sai mu zauna gadinsa da karan dawa muna korar shirwa da ƙudaje, muna 'yar carafke da duwatsu a inuwar dalbejiya. Idan aka cire gero kuwa, hankalin kowa sai ya koma fadamarmu ta wajen Ruwan Gizo, inda ake dasa albasa da dankali. Fadamar nan tun zamanin Mamman ba a raba ta ba, kowa yana ci a ƙarƙashin Alhaji, ba wanda yake son a taɓo zancen gado.

Mai riƙe da salsalar gidan ita ce Gwaggo Kulu, yayar Alhaji, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita take mana kitso, kuma muddin kanki yana tsakanin gwiwoyinta sai kin ji wa ya haifi wa, wa ya auri wa, tun daga Ali kakanta har kan jaririn da aka yi wa suna jiya. Kullum takan ce, "Mamman huɗu ya haifa, ni da Sani da Hajo da Bala." Takan kuma ce, "Mu 'yan Mafara ne gaba da baya." Mun haddace wannan kamar karatun allo. Babu wani Garba a ciki.

Saboda haka tun ranar farko aka sa wa Malam Shu'aibu ido. Baffa Iro ya ce, "Wanga mutum fadama ta kawo shi," maganar kuma ta bi gidan ɗaki ɗaki. Idan ya fita masallaci sai a lura da wanda ya tsaya gaisawa da shi. Idan ya tambayi wani tsoho labarin da, sai a ce sunaye yake tarawa. Ya raba wa mata goro, aka karɓa da godiya, aka zuba a ƙwarya ba a ci ba, don innarmu ta ce wa ya san abin da aka tofa a kai. Ni ke kai masa tuwo, kuma duk dawowa sai an tsare ni da tambaya: me yake yi, me ya ce, ya buɗe jakar? Na ji daɗin wannan matsayi ƙwarai. Har ƙari nake yi, in ce na gan shi yana auna bangon gida da ido, alhali mutumin zaune kawai yake yana kallon 'yan awaki. Abu ɗaya ne ban taɓa kai rahotonsa ba, domin ban san inda zan sa shi ba. Sau biyu na iske Gwaggo Kulu tsaye a bayan ƙyauren zaure tana leƙensa yana alwala, da ta gan ni sai ta hau ni da faɗa wai na bar kilishi ba gadi.

Kwana biyu bayan ƙidaya aka yi zaman da kowa ke jira. Bayan la'asar limamin unguwarmu ya zo, Alhaji da babana da Baffa Iro suka zauna, aka ce Malam Shu'aibu ya kawo hujjarsa. Ya zaro takarda ta farko, rubutun ajami ne, liman ya karanta: Shu'aibu ɗan Garba ɗan Mamman ɗan Ali. Baffa Iro ya ce wannan ko yaron makarantar allo zai rubuta, sunayen kuma duk wanda ya yini ɗaya a kasuwar Mafara zai ji su. Sai ya zaro ta biyu, wani guntun jarida da ya yi ja don tsufa, an manna shi a kan kwali. Ya ce wasiƙar cigiya ce da mahaifinsa ya aika wa wata jaridar Hausa tun yana saurayi. Babu mai karatun boko a cikin manyan, yayana yana makarantar kwana, don haka aka ce a kira Rabi, wato ni.

Na durƙusa a tsakiyar maza, na karɓi kwalin. Abin da takardar ke cewa shi ne, wani Garba ɗan Mamman Mahauci, mutumin Damri ta ƙasar Bakura, yana zaune a Kumasi, yana roƙon duk wanda ya san iyayensa ya gaya musu yana nan da rai. Ƙasan takardar ya yage, samanta kuma babu sunan jarida babu kwanan wata. Da na zo kan Damri na ga Baffa Iro ya ɗago kai, sai na sake maimaitawa da ƙarfi, na kuma ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. "Damri aka rubuta," na ce, "ba Mafara ba."

"Baba, na je Damri," in ji Malam Shu'aibu, yana duban Alhaji. "Su suka ce mini Mamman ya tashi ya dawo nan tun da daɗewa."

"Ba mu taɓa zama Damri ba," in ji Alhaji, idonsa a kan carbinsa. "Mamman mahauci ai ba ɗaya ba ne a ƙasar nan. Allah ya haɗa ka da naka."

Liman ya ɗaga murya ya tambayi Gwaggo Kulu, wadda ke zaune daga ciki, 'ya'ya nawa mahaifinsu ya haifa. Sai da ya maimaita tambayar kafin ta amsa. "Huɗu munka saba faɗi," in ji ta. Kowa ya ɗauka an gama magana, aka shafa fatiha.

Washegari Malam Shu'aibu ya yi sallama da kowa, har da Baffa Iro. Da ya zo kaina ya ce, "Kin iya karatu, 'yata. Allah ya ƙara basira." Yana fita Gwaggo ta jawo ni ɗakinta, ta danƙa mini ƙunshin kilishi mai nauyi a cikin sabon kallabinta, ta ce in bi shi tasha da gudu, in kuwa na gaya wa wani sai ta aske mini kai. Na same shi a cikin motar Gusau, na miƙa masa ta taga. Ya tambayi wa ya aiko, na faɗa masa, sai ya rungume ƙunshin ya juyar da fuska. Tun daga ranar zargin da nake yi wa baƙo ya dawo cikin gida. Na fara lura cewa Alhaji ba ya zuwa kasuwar Bakura ko da shanu sun yi araha, sai dai ya tura babana. Na lura kuma Gwaggo ta daina jero mana salsala a wajen kitso. Na tambaye ta sau ɗaya ko ta san Damri, ta ja gashina har hawaye ya zubo mini.

Sai bayan na yi aure na koma karatu, ina nazarin tarihi, bincike ya kai ni gidan adana tsofaffin takardu a Kaduna. Aikin da ya kai ni daban ne, amma na yi kwana huɗu ina buɗa ɗaurin tsofaffin jaridu ina bin shafin wasiƙu, ina ce wa kaina ɓata lokaci nake yi. A rana ta huɗu na ga wasiƙar, cikakkiya, da layin ƙarshe da ya yage a hannun Malam Shu'aibu. A nan Garba ya ce yana gaida ƙanwarsa Kulu da ƙanensa Sani. Duk da haka ban yarda nan take ba, don na taso a gidan da ba a saurin yarda. Na nemi littafin ƙidayar magidanta na ƙasar Bakura na zamanin Turawa, na bi garin Damri gida gida, har na iske Mamman mahauci, da maza baligai biyu a ƙarƙashinsa, Garba da Sani.

Lokacin Alhaji da Gwaggo da babana duk sun rasu. Na kai wa innarmu kwafin takardun na karanta mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce Gwaggo ta faɗa mata a ciwon ajalinta. A zamanin yaƙin duniya, da ake ɗiban mutane ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos, sunan Sani ne ya fito. Yana fama da jinya, sai Garba ya tafi a madadinsa. Da wuya ta yi wuya, ga sanyi ga yunwa, ya gudu ya yi kudu. Aka zo Damri nemansa ana barazanar kama ubansa ko ƙanensa, Mamman ya ce shi ba shi da ɗa mai wannan suna, ya kwashe iyalinsa ya dawo Mafara, ya kuma yi wa 'ya'yansa kashedi kada ya sake jin sunan a bakinsu. Na tambaye ta me ya hana Alhaji faɗin gaskiya bayan shekaru kusan hamsin, lokacin da babu sauran mai kama kowa. Ta ce ita ma ta sha tambayar kanta, ko biyayyar uba ce, ko kunyar wanda aka tafi dominsa, ko fadama. "Wataƙila duka," in ji ta.

Yanzu ina koyarwa a ƙasar Maradun, kuma fadamar da aka yi ta tsaro an raba ta tuni, wani ɓangaren ma ya zama saura, don ba kullum hanya ke barin mutum ya je gona ba. A da mutum zai yi kwanaki a mota da guntuwar takarda yana neman danginsa, a dube shi a ce ɓarawo ne. Yau ɗalibaina da waya suke gano 'yan uwansu na wata ƙasa kafin a tashi daga aji. Ni ma na gwada. Na ba fataken goro saƙo, na sa an yi cigiya a zangon Kumasi, Shu'aibu ɗan Garba kuwa ya yi yawa a can, ba a kai ga nawa ba. Na rubuta wa 'ya'yana salsalar gidanmu da sunaye biyar a ƙarƙashin Mamman, na bar sarari a ƙasan Shu'aibu ko Allah zai kawo wanda zai cike shi. Ban karanta ƙarya ba a ranar nan, amma da muryata aka sallame shi.