Ɗakin da Ka Bari Babu Kowa

Dole a jinjina wa masu wannan rukunin shaguna namu. Ranar Asabar da aka buɗe sabon ɓangare, ba wanda ya hau mumbari a cikinsu ya sauko bai ambaci hangen nesa ba. Sun ce tun ran da aka haƙa harsashi suka hango yau. An yi tafi, ni ma na yi, don mai haya ba ya naɗe hannu a gaban mai gida. Abu ɗaya ne hangen nasu bai kai gare shi ba: sunanka, Injiniya, kai da ka zana hanyoyin sanyi da na ɗumi na ginin nan, kai da Allah Ya karɓi ranka ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, bayan jinya mai tsawo. Na Allah ne mu, kuma can muka nufa.

Ni mai turare ne, shagona yana ƙasa, jikin ɗakin injuna. Abin da na sani game da sana'arka bai wuce wannan ba: in zafi ya shiga shago, jarina ya tashi sama. Amma na san mutum in na gan shi, kasuwa ta koya mini.

Tun ana gini muka sa maka suna Baba Gobe. Duk abin da aka tambaye ka, amsarka tana can gaba. Me ya sa bututun ruwan sanyi ya yi kauri haka, kamar za a shayar da gari? Saboda gobe. Me ya sa wasu bututun suka tafi har ƙarshen bango suka tsaya, an toshe bakinsu da murfi, an shafa jan fenti? Saboda gobe. Babbar rigimar kuwa a kan ɗakin injuna aka yi ta. Inji biyu ginin yake bukata, kai kuma ka zuba dandamalin siminti har huɗu, biyu suna zaune wayam. Masu gini suka ce wannan filin shago ne sukutum, a ƙasa, kusa da ƙofa. Ka ce a cire sunanka daga zanen tukuna. Ba su cire ba, amma ba su ƙara kiranka wani aiki ba.

Ni kaina na zo maka da tawa. Na ce, "Injiniya, ka ara mini gefen nan in jibge kwalaye, ai goben ba ta iso ba."

Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Mai turare, kwali yana da saiwa. In ya kwana a wuri, sai da kotu."

Muka yi dariya. Washegari sai ga ka da kafinta, ka tsara mini kantoci har rufi a cikin shagona, ka kuma matsar da bakin iskar da ke busa mini a ƙeya. Haka kake. Ka hana mutum abin da ya roƙa, ka ba shi abin da yake bukata. Mai ɗinkin da ke sama ta taɓa kukan sanyi yana kama mata gwiwa, ka hau da kanka ka daidaita mata, alhali ba ka cikin ma'aikatan ginin kuma. Duk lokacin da ka biyo ta nan sai ka leƙa ɗakin injuna, ka shafa jajayen murafan nan kamar mai duba kan jikoki.

Da goben ta zo, ba ka da ƙafar zuwa. Ɗan kwangilar sabon ɓangare ya fara gaya mana mu shirya rufe shaguna, za a fasa rufi a sake bututu. Da ya shiga ɗakin injuna ya fito, sai ya janye maganar. Aka ɗora inji na uku a kan dandamalinsa, aka kwance murafai, aka haɗa. Ko labule ban sauke ba.

Na je na gaya maka a gadon asibiti. Ka rame har zoben hannunka yana yawo. Na zaci za ka yi murna, sai ka tambaye ni, "Na huɗun fa?"

Na ce yana nan.

Ka ce, "Za su ƙara hawa a sama. Kada ku bari a ba da wurin."

'Yarka ta fari, wadda ta gaji sana'arka, ta juya fuska ga taga. Da ta rako ni ta ce, "Kawu, ko mu bai yi wa wasiyya irin wannan ba." Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi.

Allah Ya jiƙanka, Baba Gobe. Ka yi wa mutanen da ba ka sani ba tanadin wuri, Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sanyaya shi, Ya yafe kurakuranka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙannenka, da duk wanda ya koyi riƙe ma'auni a hannunka. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Shekaranjiya manaja ya shigo shagona da fara'a da makulli a hannu. Ya ce an yanke shawarar yanka rabin ɗakin injuna a yi shago, tunda aiki ya kammala, kuma ni aka fara tunawa saboda daɗewa. Na riƙe makullin, na ji nauyinsa, ban ɓoye maka ba, wurin ya yi. Sannan na mayar masa. Bai ji haushi ba, ya ce akwai mutane a layi. Yau da safe na ga an ja alli a tsakiyar dandamali na huɗu.

To, ran da za a ƙara hawan nan, a fasa rufi a kan kowa, wa za a kira ya hau mumbari ya yi mana bayanin hangen nesa?