Littattafan da Suka Riga Ni Isa Gafasa

Gaya zuwa Ajingi

Ana idar da sallar asuba na bar gidana a Gaya, gari bai waye ba, gwiwa tana ciwo. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji huɗu na tsaya, sana'ata gyaran keke. Rashin zuwa taro ne ya ja mini wannan tafiya. Bara ƙungiyarmu ta 'yan gari ta kai akwatin littattafan Hausa Toranke, ta kai irinsa Gafasa, don mutane su riƙa ara suna karantawa. Bana aka ce a je a duba, inda ba a amfana ba a karɓe a ba wasu. Ranar da za a zaɓi mai zuwa ba na nan, sai kowa ya ga ni na fi dacewa.

Motar Ajingi rabi mutane, rabi buhunan taki. Direba ya tambaye ni me zan saro, na ce masu karatu nake nema. Ya ce to ga shi na samu, kullum sai ya karance bayan motar da ke gabansa. A shingen 'yan sanda aka leƙo mu, aka ce mu wuce. A Ajingi na ci ƙosai a tsaye, na hau acaɓa.

Toranke

Malam Sabi'u, mai ajiyar akwatin, ya tarbe ni da fara'a. Akwatin yana ƙuryar ɗaki, an lulluɓe shi da zane kamar kayan amarya. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa ya buɗu. Littattafai fes, ko ƙura babu. Ya ce amana ce, bai bari kowa ya taɓa ba: yara hannunsu da dauɗa, manya kuma ba sa mayar da aro. Na zaro ɗaya, ashe babban yatsana da jan goro, ya zauna daram a bangon. Malam Sabi'u ya dube ni kamar na mare shi.

Na miƙe zan wuce, ya ce ai an riga an yanka mini zabuwa. Muka zauna jira. Ina zaune na ga babur ya fita ta bayan gida da buhu a ɗaure, ban kawo komai a raina ba. Zabuwar nan ba ta nuna ba sai bayan azahar, aka haɗo mini ita da tuwo.

Gafasa

Hanya ta jijjiga ni har na ji tuwon ya koma inda ya fito. Malam Habu, mai ajiyar Gafasa, yana zaure yana gumi, akwatinsa a buɗe, littattafai sababbi fil. Na ɗauki na sama, sai ga yatsana a bangon.

Na ce, "Malam Habu, wannan goron nawa ne. Yaushe ya zo?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe Malam Sabi'u surukinsa ne. Labari ya iso musu cewa duk inda aka ga littafi ya lalace za a ƙwace akwatin, shi ne ya aro na Toranke, yadda ake aron tabarmi ranar suna, bisa sharaɗin kada a buɗa ko shafi ɗaya.

Na ce a kawo mini nasu. Aka shiga gida-gida ana karɓowa. Wani an ɗinke shi da zaren buhu, wani ya sha mai har ana ganin rubutun baya, wani yana warin hayaƙi. Malam Habu ya ce in mata sun taru ɓarar gyaɗa, ƙanwarsa ce ke karanta musu, maza kuma su laɓe a zaure wai suna shan iska. Akwai wanda akuya ta cinye ƙarshensa, har yau gardama ake ko ɓarawon shanun cikin labarin ya tsira.

Muna haka wata tsohuwa ta ɗaga murya daga cikin gida: "Baƙo, in tafiya za ka yi da akwatin, faɗa mana ƙarshen labarin nan tukuna. Ni na ce an kama shi."

Na ce, "Iya, ni karatuna sai mu kai girbi ban kai ƙarshen ba. Amma ga sabonsa nan."

Malam Habu ya ce ai na aro ne, surukinsa zai ɓata rai. Na ce masa an aiko ni in karɓi littattafai daga inda ba a karantawa in kai inda ake so, ga shi sun kawo kansu, ni da ciwon gwiwa ba zan mayar da su ba. Aka shiga da littafin. Jim kaɗan na ji an kwashe da shewa a tsakar gida, ban da muryar tsohuwar.

Komawa gida

Na iso Gaya ana kiran magariba, na gaya wa shugaban ƙungiya yadda aka yi, na kuma ce duk taron da za a yi nan gaba da ni za a yi. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Sabi'u da zabuwa da kuma dakon da ya ɗauke mini. Akwatin kuwa mun bar masa, tun da ya iya riƙo.