Ranar da Murfin Jirgi Ya Ƙi Rufuwa a Kan Orrin Haugstad

Orrin Haugstad bai taɓa ɗaura ko noti ɗaya a jikin jirgin sama ba, amma duk yammacin jihar Wisconsin babu wanda ya kai shi sanin inda wasu suka ɗaura nasu a karkace.

Aikin da ya ci abinci da shi har ya yi ritaya shi ne duba sikeli. Hukumar gunduma ce take tura shi kantuna da gidajen mai, ya gwada ma'auninsu, in ya samu kuskure ya manna jar takarda ya ƙara gaba. Neman aibi ya zame masa jiki. Matarsa Marlys takan ce ko ranar aurensu sai da ya ja mai kek ɗin biki gefe ya gaya mata hawa na biyu ya jirkice.

A wani ƙaramin filin jirgi mai ciyawa da ke bayan gari akwai ƙungiyar masu haɗa jirgi da hannunsu. Mutum zai sayi jirginsa gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, ya kwashe shekaru yana liƙi yana guga, har ranar da zai tashi da shi ko magada su sayar. Dokar ƙungiya ita ce duk wanda zai fara haɗi a ba shi kusurwa a cikin rumfar jirage, a damƙa masa makulli. Orrin ya karɓi tasa tun 'yarsa tana firamare, da sunan akwatunansa suna hanya. Yanzu ɗan 'yar ne yake firamare, akwatuna ba su iso ba. Abin da ke kusurwar dai wata kujera ce mai laushi, da kofi mai sunansa a jiki, da tulin mujallun jirgi da suka kai ƙugu.

Ba wai ba ya nema ba. Nema ma shi ne sana'arsa. Babu taron jirage da bai je ba, babu mai sayarwa da bai sha wa kofi ba. Wannan fukafukinsa gajere ne, wancan injinsa mashayin mai ne, na can kuma mai kamfanin bai iya gaisuwa ba. Iri ɗaya kawai yake yabo, wani siririn jirgin faiba, wato zaren gilashi da ake liƙawa da gam, mai kujera biyu da yake wuce mil ɗari biyu a awa. Shi ne jirgin maza, in ji shi, sauran duk kwandunan kaji ne. Yana yabonsa da ƙwarin gwiwa saboda an daɗe da daina ƙera shi, kuma ya tabbata ba zai taɓa cin karo da na sayarwa ba.

Kowace safiyar Asabar ƙungiya tana toya fanke da tsiran alade. A nan Orrin yake zaman hukunci, faranti a kan ciki, ruwan zaƙi yana bin haɓarsa.

"Nauyi shi ne makashin jirgi," yakan ce, yana nuna jirgin wani da cokali mai yatsu. "Duane, wannan fentin naka shafi nawa ka yi? Jirgi ka haɗa ko akwatin gawa?"

Duane Pflug, makanikin taraktoci ne, bai cika ɗago kai ba. "Injiniya, ci fankenka. In naka ya iso sai ka nuna mana."

"Ni ba na sayen jirgi da ka. Sai na duba."

"To ai mun gani. Har gilashin idonka ka sauya sau uku kana dubawa."

Haka aka yi ta tafiya har aka zaɓi Darlene Krupke shugabar ƙungiya. Tsohuwar direbar motar 'yan makaranta ce, wadda ta saba magana sau ɗaya a ji. Da hannunta ta haɗa wani jirgin yadi mai tafiyar hawainiya, wanda Orrin ya raɗa wa suna laima mai inji. Ba ta manta ba. Wata Asabar da kaka ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Orrin, akwai masu jiran kusurwa. Mutane ne da fukafukansu ke jingine a falo, matansu suna shanya a kai."

"Ina kan bincike, Darlene."

"Ka ƙarasa shi kafin ƙanƙara ta sauka. Ko ka shigo da jirgi, ko ka miƙo makulli. Kujerar kuma Marlys ta ce kada ka kai mata gida."

Orrin ya yi dariyar da ba ta wuce maƙoshi ba. Kusurwar nan ita ce ofishinsa tun da aka karɓe jar takarda daga hannunsa. In babu ita, sai bencin baƙi da ke bakin ƙofa, inda masu kawo jikoki kallon jirgi suke zama.

"Ba zan sayi tarkace don in faranta miki ba. Kin san irin da nake so, kuma babu shi a kasuwa."

"Akwai," in ji Darlene, tana shan kofinta a hankali. "Wendell Stroschein, mai shanun madara a ƙetaren kogi. Idonsa ya fara mutuwa, zai sayar da nasa, ya haɗa fiye da rabi. Jirgin maza, irin wanda kake faɗa. Asabar mai zuwa ni zan tuƙa mu."

Baki shi ke yanka wuya. Orrin ya kwana bakwai yana addu'ar Wendell ya kasance mai ha'inci a aiki.

Jirgin yana cikin wata tsohuwar rumfar shanu da aka share tas, gangar jikin a ɗore kan dogaran katako, fukafukai a rataye a bango. Wendell dogo ne siriri kamar sandar rake, yana magana yana kallon gefen mutum saboda idon. Orrin ya fito da kayan aikinsa, tocila da ƙaramin madubi da wani kwabon ƙarfe, ya yi gyaran murya don kowa ya san malami ya iso.

Ya fara ƙwanƙwasa fukafuki da kwabon, yana kasa kunne. Inda faiba ta kama da kyau sautin yakan fito tsaf, inda ta bar rami kuma sai ya dushe. Ya bi na dama daga tushe har baki, ya dawo ya bi na hagu. Ko'ina tsaf. Ya leƙa cikin tankin mai da madubi, ya shinshina gam, ya shafa mahaɗar wutsiya. Gumi ya fara tsattsafo masa, ga shi kuwa iskar kaka ce mai sanyi.

"Injiniya, yaya?" in ji Duane, wanda ya biyo su don kada a ba shi labari. "Ko mu nemo maka jar takarda?"

"A wane zafi ka zuba gam ɗin nan?" Orrin ya tambayi Wendell da ƙyar.

"Lokacin zafi kawai nake liƙi. Da sanyi sai guga."

"Hmm."

Wannan hmm ɗin shi ne yabo mafi girma da ya taɓa fita daga bakinsa, kuma shi kansa ya ji ɗacinsa.

Wendell ya jawo ɗan tsani. "To saura zama. Ka san ba a sayen jirgi sai an zauna a ciki, an rufe murfi, an kai sandar tuƙi ko'ina."

Orrin ya san al'adar, har yakan zagi waɗanda suka tsallake ta. Sai dai rabonsa da zama a irin wannan jirgi tun gashinsa yana baƙi, domin kullum yakan samu aibi tun kafin a kai ga zama. Ya hau tsani, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu, ya sake jiki. Ya sauka a hankali kamar ana cusa katifa a buhu. Katakon da ke ƙarƙashi ya yi ƙara.

"Ja sanda baya," in ji Wendell.

Ya ja. Sandar tuƙi ta taho ɗan kaɗan ta nutse a cikin tumbin da fanken shekara da shekaru ya tara, ta tsaya.

"Ƙarasa mana."

"Ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, abokina. A haka ba za ka ɗaga hancin jirgi daga ƙasa ba."

Darlene ta sauko da murfin gilashi. Ya taɓa kan Orrin, ya taɓa kafaɗunsa biyu, ya tsaya da saura tafin hannu. Ya sunkuyar da kai, ya haɗiye ciki, ya riƙe numfashi har kunnuwansa suka yi ja. Ƙugiyar murfin tana lilo, ta ƙi kaiwa raminta.

"Wurin zaman nan..." Orrin ya fara, murya a shaƙe.

"Yadda kamfani ya zana shi yake," in ji Wendell. "Ban rage ko ɗan yatsa ba."

"Nauyi shi ne makashin jirgi," in ji Duane a hankali, yana kallon rufin rumfa. "Wani babban masani ne ya gaya mini."

Fitowa ta fi shiga wuya. Duane ya kama hammata ɗaya, Darlene ta kama ɗaya, suka ja, Orrin bai motsa ba. Wendell, wanda bai san wasa ba, ya ce yana da majanyin da yake ɗaga saniya in ta kasa tashi bayan haihuwa, ko ya kawo tarakta? Jin haka Orrin ya yi wani yunƙuri ya fito da kansa, takalmi ɗaya ya zauna a ciki.

Ya tsaya a ƙasa da safa ɗaya yana haki. Darlene ta miƙa masa hannu, tafin a sama. Makullin yana aljihunsa, yana jin sanyinsa a cinya. Ya dubi jirgin, ya sake nema, ko tsaga ɗaya, ko kumfa ɗaya a gam. Babu. Abu ɗaya ne mai aibi a rumfar nan, kuma duk shekarun da ya yi yana gwada sikelin mutane bai taɓa hawa ko ɗaya ba.

"Na saya," ya ce.

Wendell ya juyo da kunnensa. "Orrin, ni ba na cutar mutum. Jirgin nan ba zai ɗauke ka ba."

"Zan rage."

Duane ya yi tari ya fita waje.

Kafin ƙanƙara ta sauka aka shigo da jirgin rumfar ƙungiya a bayan motar ɗaukar ciyawa. Ya cinye kusurwar gaba ɗaya, dole aka fitar da kujera mai laushi, aka ba gidan marasa galihu. Makulli yana nan a hannun Orrin. Yakan zo da tsumma ya goge fukafukai, ya tsaya a gefe, domin babu wurin zama. In an tambaye shi aiki, ya ce saura kaɗan.

Asabar ɗin farko ya manta, ya ɗaga cokali zai nuna wutsiyar laimar Darlene.

"Injiniya," in ji Duane daga wajen kaskon suya, "murfin ya rufu?"

Orrin ya sauke cokalin. Ya dubi farantinsa, ya dubi jirgin, sannan ya miƙa farantin aka ƙara masa fanke biyu.