Ƙaramin Samfuri da Rufin Zuba

Kakata Saratu ba ta taɓa ba mu tatsuniya cikin raha ba. A Uke muka tashi. Da an gama tuwon yamma sai ta jera masara a bakin murhu, ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta iso." Mu ce ta zo mu ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani magini baƙo. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya yi ɗan curi kamar ƙwan agwagwa, ya shanya, ya buga da ƙasa a gaban dattawa. Bai fashe ba. Suka ba shi ginin rumbu. Damina na sauka rumbun ya rufta kan wata yarinya da ta fake a gindinsa.

Nan Kaka kan jefar da itacen hannunta. "Abu a tafin hannu, ai dole ciyawa ta riƙe shi. Wa ya ce a gwada babba? Babu." Sai bayan rasuwarta na ji ashe yarinyar nan ƙanwarta ce.

Yanzu aikina a Abuja gwajin ƙarfin kankare. Bara wani ɗan kwangila mai zuba rufin shaguna wajen Zuba ya kawo mana samfuran kankare da aka gauraya da gutsattsarin zaren ƙarfe, duk ƙanana. A inji suka nuna ƙarfi sosai. Amma a ɗan akwatin da ake zuba samfuri zaren kan kwanta a jere, wurin rauni kuma kaɗan ne. Na zuba babba da irin kwaɓinsa. Ya karye da wuri.

Ogana ya ce, "Madam Rifkatu, ƙanana aka kawo, ƙanana za mu rubuta. Wa ya aike ki?" Ran nan na gane da dattawan Kaka take fushi, fiye da maginin. Na ƙi sa hannu. Wani ya sa hannun, ni aka mayar da ni gwajin yashi.

Watan jiya rufin ya tsage, ɓaraguzai suka karya ƙafar wani mai dakon lemo. Na je asibiti. Ya ɗauka ni mai ziyarar marasa lafiya ce, yana ta godiya, yana cewa ƙaddara ce. Raina ya ɓaci. Na gaya masa abin da na gani a inji, da yadda aka yi.

Ya saurara har na gama. Sannan ya kira yayansa daga bakin ƙofa, ya ce, "Madam, maimaita a hankali, shi ma ya ji."