Jinin Shanun Malam Mani

A Sheme, kowa ya san Malam Mani da abu biyu: noman dawa, da sa wa ƙanensa Gide ido. In Gide ya yi sabon rumbu, Mani sai ya rushe nasa ya ɗaga wanda ya fi shi tsawo, ko babu abin zubawa. Ranar rabon gado, da yake babba ke fara zaɓe, ya kwashe manyan shanun mahaifinsu, ya bar wa Gide 'yan ƙanana marasa kyan gani. Sai ga shi duk damina ciwon sammore na kayar da na Mani, na Gide kuwa ko tari ba sa yi.

Ana nan sai Rukayya, ɗiyar 'yar'uwarsu da ta karanci likitan dabbobi, ta zo ɗibar jinin shanu. Ta ce a cikin jini akwai ƙwayoyin gado masu tsare jiki daga cuta, kuma dangi ne, ita aikinta ta gano wa ke da alaƙa da wa, da inda kowanne yake zaune. Garken Gide ta nufa. Mani yana kallon motarta a ƙofar ƙanensa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ko tuwo ya daina yi masa daɗi.

Rannan sai ga ta a ƙofarsa. Mani ya sa aka yanka zakara, ya aika a kira maƙwabta su zo su gani da idonsu. Ya riƙe ƙahon bijiminsa da kansa, yana washe baki.

"Ɗiyata, hwaɗa masu. Mi ya sa kika baro na Gide kika taho nan?"

Rukayya ba ta iya kwana-kwana ba. Ta rage murya ta ce, "Kawu, na Kawu Gide ba su cika ciwo ba. Sai na gwada su da masu yawan kwantawa kafin in ga bambancin."

Kunya ta rufe Mani, ga mutane sun zuba ido suna jira. Ya ƙara damƙe ƙahon, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Ɗebi, ɗebi da yawa. In Gide ya tambaya, ki ce nawa kika hi ɗiba."