Gadar da ta hana depite komawa gona

Ko da zan manta sunayen malamaina kaf, ba na jin zan manta ranar da aka shirya wa depitenmu bikin ban kwana a Gaya, aka watse yana cewa a buga masa sabbin hotunan takara. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ni ce na ɓata bikin.

Abin da na fara gani da muka sauka daga kabu-kabu, ni da kakata, shi ne hauya. Sabuwa fil, an ɗaura mata jan ƙyalle a ƙota, an kwantar da ita kan tebur a ƙarƙashin rumfa, ga malafa a gefenta. Kyautar jama'a ce. Tsohon ya daɗe yana wakiltarmu a majalisa a Yamai, kuma tun farkon damina ya faɗa a rediyo cewa gwiwarsa ta gaji, ba zai sake tsayawa ba, gonarsa ta shinkafa zai koma. Har jam'iyyarsu ta fitar da wani matashi mai tabarau da zai gaje shi.

Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne, na zo ta ɗaya a jarrabawar satifika, sai direktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantarmu da muke kira Mushe, ya ce ni zan karanta jawabin godiya a madadin ɗalibai. Mushe bai duba cewa ni ko gaisuwa na yi sai an ce in ɗaga murya ba. Shi ya rubuta jawabin da Faransanci, ya jero ayyukan depite ɗaya bayan ɗaya: rijiyoyi, ajujuwa, ɗakin haihuwa. Na ƙarshe a jerin, gadar garinmu.

Tsakanin ƙauyenmu da Tounouga, inda kolej yake, akwai wani hannun kogi. Damina ta cika shi, in ya fara janyewa kuma sai ruwan kogi ya sake turowa lokacin sanyi. Depite ne ya kawo aikin gada a wurin. Aka kafa ginshiƙai huɗu na siminti, sai ma'aikatan suka kwashe kayansu, ba mu ƙara ganinsu ba. Shekara biyu ke nan ginshiƙan na tsaye, mata na shanya a ƙarafan da suka fito daga kansu. Babana kuma ya riga ya yanke magana. Ya ce, "Ɗiyata ba za ta shiga ruwa iya ƙirji safe da yamma ba. In babu gada, babu sizyam." Sizyam shi ne ajin farko na kolej. Ba ƙin karatun yake ba, tsoro yake ji. Saura kwana goma a buɗe lakwal.

Da muke gwajin karatun, na tattara ɗan ƙarfin halina na ce, "Mushe, ai gadar ba a gama ba." Ya dube ni ta saman takarda ya ce, "A wajen ban kwana ba a ambaton abin da ya rage. Dattijo zai tafi hutu, sai ki bi shi da saura? Karanta yadda na rubuta." Haka ake yi a wajenmu, na sani. Na ce to.

Da safiyar ranar, ta cikin ruwan nan muka bi. Na ɗauko sababbin kayana a ka cikin kwano, na canza a bayan wata giginya. Fuskata na gyara, ɗankwalina na ɗaura sau uku, amma na manta da ƙafafuna.

Filin ya cika maƙil. 'Yan kasuwar bakin iyaka sun zo da manyan riguna, direbobin kamyo sun jeru a inuwar manyan motocinsu na kaya, mata sun yi anko, makaɗa na ta fama. An kafa manyan tukwane a bayan rumfa, ƙamshin miya na bugo mu. Da aka kira ni, na riƙe mikuro da hannu biyu, na fara karantawa. A gefena akwai sanƙira: in na karanta layi, sai ya maimaita shi da Hausa da Dendi, ya ƙara masa gishiri. Rijiya ɗaya a bakina, a bakinsa ta zama ruwan da ya fi zuma. Jama'a na tafi, ni kuma ina satar kallon depite. Ba ya murmushi. Carbi yake ja, yana kallon hauyar nan kamar yadda mara lafiya ke kallon allura.

Sai na iso layin gada.

Har yau ban san abin da ya faru da harshena ba. Ba niyya na yi ba, wallahi. Na ga kalmomin sarai, na buɗe baki, sai na tuna sanyin ruwan da safe da muryar babana. Babu abin da ya fito sai numfashi, mikuro kuma ya watsa shi ga duk filin. Mushe na daga can gefe yana juya mini hannu, wai in ci gaba. Sanƙira ya ɗauka wurin ne ya ɓace mini, sai ya ce bari ya taimaka, ya ɗaga murya: "Gada, jama'a! Gadar da kamyo biyu ke wucewa kafaɗa da kafaɗa!"

Daga cikin mata aka ji wata murya ta ce, "Kamyon kwaɗi, ko?"

Kakata ce. Ita da depite taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu tun suna yara, don haka ita kaɗai ce a filin nan za ta iya faɗin haka ta zauna lafiya. Dariya ta ɓarke a ɓangaren mutanen ƙauyenmu, sauran jama'a suna ta waige.

Depite ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya. Ya ce, "Zo nan, jikata." Na taka na je gabansa. Bai dubi fuskata ba, ƙasa ya duba. Sai a lokacin na ga laka ta bushe mini tun daga yatsu har ƙwauri, ta yi fari, ga ɗan ganyen ciyawa maƙale a igiyar takalmina.

"Wannan lakar ta ina ce?"

"Ta wajen gada ce, Baba."

"Ba kan gadar kuka bi ba?"

"Ba ta da sama, Baba. Ginshiƙai ne kawai. Ta gefensu muke shiga ruwa."

Na manta mikuro na hannuna. Har masu tuƙa tuwo a bayan rumfa sun ji.

Ya juya a hankali ya dubi mutanen da ke zaune bayansa. "Ku ba cewa kuka yi saura fenti ba?" Ɗaya ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ga jikin naka ne. Ba mu so mu ɗaga maka hankali." Ashe duk wanda ya je gaishe shi a Yamai, in ya tambayi gada, sai a ce masa alhamdu lillahi, an kusa. Shekara biyu kowa na yi masa kara.

Ya dafa sanda ya miƙe. "A tada mota."

Kai, ban taɓa ganin biki ya tashi da ƙafarsa ba sai ranar. Kafin ka ce me, 'yan kabu-kabu sun ɗauki mutum uku-uku, wani ɗan kasuwa ya buɗe bayan kamyonsa makaɗa suka haye suna ci gaba da kiɗa, mata na biye da kwanukan abinci a ka suna neman mota. Ni da kakata a motar depite aka saka mu. Sanyin cikinta ya sa na ƙanƙame jikina, ita kuwa kakata tun daga Gaya take tsokanarsa. "Kai tsoho, wa ya gaya maka ka iya noma? Shinkafar da za ka shuka ko tsuntsu ba zai kula ta ba." Ya ce, "Ke dai yi shiru, mai bakin tsiya, jikarki ta gado ki." Na sunne kai ina jin dariya na cina.

Da muka isa, ga ginshiƙan nan tsaye cikin ruwa, ga zanen wata a shanye kan ɗaya. Depite ya daɗe yana kallo. Sai ya cire babbar riga ya miƙa wa direbansa, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando. Matarsa Hajiya ta fito daga motar baya tana kira, "Alhaji, gwiwarka! Alhaji!" Ko waigowa bai yi ba. Masunta biyu suka kama shi dama da hagu. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, a tsakiya ya kai ƙirji. Jama'a suka rufa masa baya da kayan bikinsu, ana ihu ana dariya. Ni ma na shiga, sababbin kayan da na yi ta lallaɓawa suka jiƙe sharkaf, ban ko damu ba.

A gaɓar ƙauyenmu mutane sun riga sun taru saboda jin kiɗa, har da babana. Depite ya fito yana haki, ruwa na zuba daga jikinsa, ya ce, "Jama'a, na ce zan tafi ne don na ɗauka na gama. Ashe ban gama ba. In na koma gona yau, kullum ta nan za ku bi kuna tuna ni, kuma ba da alheri ba. Na fasa. Zan sake tsayawa. In kun ga dama ku zaɓe ni, in ba ku ga dama ba ku zaɓi wanda zai ɗora wa abin nan sama."

Guɗa ta tashi daga gaɓa biyu a lokaci guda. Makaɗa suka kusa fasa ganguna, sanƙira na ta kirari yana tsaye cikin ruwa. Hajiya ta ƙwalo wa kakata kira daga can tsallake: "Ni da na riga na kwaso tukwanena daga Yamai! Ke za ki mayar da su a ka!" Matashin nan mai tabarau bai tsallako ba. Na hango shi ya cire tabaran yana gogewa da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Ya ba ni tausayi.

Depite ya ci zaɓen, amma da ƙyar, don akwai waɗanda ba su yafe masa sauya magana ba. Gada kuma sai da na shiga shekarata ta uku a kolej aka gama ta. Kafin nan, babana da kansa yake tsallakar da ni, jakata a kansa, hannuna a nasa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kara abu ne mai kyau, amma in ta kai a ce an gama abin da ba a gama ba, wanda ake yi wa karar ma an cuce shi, balle masu shiga ruwa. Kuma mai kunya irina ba sai ta yi dogon bayani ba, ƙin faɗin layi ɗaya ya isa.

Yadda aka yi babana ya sauko kuwa, a bakin ruwan nan ne. Depite na matse wandonsa ya ce, "To, jikata, kin mayar da tsoho aiki. Mi zan ba ki?" Mata suka fara yi mini raɗa ta ko'ina: ki ce keke, ki ce waya. Na dubi ƙasa, na ce da 'yar muryata:

"Baba, ga babana can, mai farar hula. Ni ba zan iya ba. Don Allah ka je ka roƙar mini shi, ya bar ni in shiga sizyam bana."