Safar da ban cire ba

Ku sababbin zuwa, ku matso. Har in mutu ba na mance Larabar da surukina ya shigo ɗakin awo, a gidan likitan da nake aiki nan Agadez. Lokacin shekarata biyu da zama anfirme, wato ma'aikacin jinya, ina jin kaina kamar ni na ƙera aikin.

Baban matata manomin albasa ne a Tabelot, kuma yana da ciwon sukari. Ya ce in yana bin ruwa a garka sai sha-raɓarsa ta ɗaure, tilas ya tsaya.

Awon kun san shi. A kwantar da mutum ya huta, a ɗauki tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, a hannu, a ɗauka a idon sawu, a gwada su. In na ƙafa ya gaza, jijiyar jini ta tsuke. Amma kafin komai a cire takalmi da safa, a duba ƙafar, a taɓa ta.

To, wa ke tuɓe wa surukinsa safa? Ni da ko abinci ba na ci a gabansa! Na ɗan naɗe masa wando, kaina a sunkuye, na auna. Na ƙafa ya wuce na hannu nesa ba kusa ba.

Na ce, "Baba, jininka na gudu fiye da nawa. Gajiya ce."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Bayan wata biyu aka kawo shi a bayan motar albasa. Majo, shugabarmu, ta zare safar da hannunta. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Ta duba karnensa, littafin da na rubuta awon a ciki, ta dube ni.

"Kai ka auna? Mai sukari jijiyarsa kan ƙandare, ba ta matsuwa, sai awo ya haura. Wannan lambar gargaɗi ce. Ka taɓa ƙafar kuwa?"

Na ce, "Majo, surukina ne."

Ta ce, "A gida."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. An yanke rabin tafin, garka ta koma hannun ƙanensa. Bai taɓa yi mini maganar ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Awon bai yi ƙarya ba, ni ne ban karanta ba, kuma ban duba ba. Don haka ko wa aka kwantar muku, ku cire safa. Ƙafar da na ji kunyar taɓawa minti ɗaya, wata huɗu na yi a durƙushe ina wanke abin da ya rage nata.